Jirgi a Wutsiyar Kalma

Kulu ta dawo makaranta da tawada a leɓe,
ta same ni bakin ruwa, gizago a hannu,
ina rarake cikin maɗaci tun hantsi.
Ta ce, "Kaka, Turawa shif suke ce wa jirgi."
Na ce, to, Allah ya ba su sa'ar tuƙi.

Ta ce, "Ba nan ta tsaya ba.
Sun ɗaura shi a wutsiyar abota,
sun ɗaura shi a wutsiyar shugabanci,
har kuɗin karatun da yaya Manu ke jira,
sikolashif, shi ma da jirginsa a baya."

Na jingine gizago, na share zufa.
Na ce, ai sun yi gaskiya, abota jirgi ce:
mutum biyu, filafili biyu,
ɗaya ya yi gyangyaɗi, Rofiya sai gobe.
Shugabanci kuwa, loda masa buhu fiye da kima,
ki tambayi Kwara sauran labarin.

Ta yi dariya har jakarta ta faɗi cikin yashi.
"Malam Labbo ya ce ramin da kowa ke faɗawa ke nan.
Shif biyu ne, kama da wane ba ta wane.
Na ruwa gidansa daban.
Na wutsiya tsohuwar kalma ce ta kakanninsu,
'yar'uwar kalmarsu ta siffa,
yadda ake sassaƙa abu
har ya zama abin da yake."

Sassaƙa.
Yarinyar ta taka sana'ata ba ta sani ba.

Na tuna Gado, Allah ya jiƙansa.
Ba a rana ɗaya muka zama aminai ba.
Mun yi faɗa kan taru a Zamare,
ya ci bashina na damina uku,
sannan shi ya goya tsohuwata cikin dare
daga tsibiri har asibitin Yauri, ba fitila.
Shekara arba'in, kullum ɗan sassaƙe yana faɗuwa,
har gungumen ya yi cikin da zai ɗauke mu.

Mu ma ai muna da wutsiyoyinmu.
Zumu ya haifi zumunci,
aboki ya haifi abota,
ba wanda ya taɓa tsayar da su a kasuwa
ya ce daga wane gari kuke.

Kulu ta ce, "To wa ya yi daidai, kai ko Malam?"
Na ce, Malam, ki rubuta nasa a jarrabawa.
Amma in ya zo sayen karfasa ranar kasuwa,
ki nuna masa wannan icen:
a nan sai an sassaƙa ake hawa ruwa.

Yanzu riƙe min bakin nan,
rana na faɗuwa, gefen hagu bai yi ba tukuna.