Ƙarfe Uku da Kwata

Ƙarfe uku da kwata a Milwaukee
motar makaranta mai ruwan ɗorawa take tsayawa,
ta wage baki ta zubo min su,
huluna a karkace, takalma cike da ƙanƙara,
kowa da yunwarsa, kowa da labarin
da ba zai iya jira ba.

Ina ƙirga kawuna a bakin ƙofa.
Ƙirga ce sana'ata yanzu:
babba ɗaya, yara goma sha biyar, haka ƙa'idarmu ta ce.
Mu uku muka rage. Ku yi lissafin da kanku.
Ɗakin zane a kulle yake tun Oktoba,
kujerunsa a kife bisa tebura, ƙafafu sama.

Terrence ya tafi wata Juma'a.
Shi ya koya wa Amari ɗaure igiyar takalmi,
shi kaɗai Jovan ke bari ya ga hawayensa.
Rumbun kayan da ke bakin babbar hanya
ya ɗara mu da dala huɗu a awa,
ga inshorar lafiya, ga aikin yini cur.
Ya tsaya a ofishina yana murza hula.
Na ce, je ka, kuɗin haya bai san ƙauna ba.
Na sa hannu a takardarsa. Ban yi kuka ba
sai da na rufe ƙofar motata.

Yanzu kwali yake ɗagawa.
Kwali ba ya riƙe maka riga ya ce, gobe za ka dawo?

Na liƙa sanarwa a shagon wanki, a coci, a kwaleji.
Tara suka kira, uku suka zo,
biyu suka ji albashin suka yi murmushin sallama,
ɗaya ta yi kwana shida.
Wa zai riƙe gida da awa uku da rabi a yini?
Ana so ka zama malami da alƙali da uwa,
a sallame ka da abin da ba ya kai wata.

A aljihun tebur akwai wata takarda,
sunaye talatin da ɗaya, masu jiran gurbi.
Ta sha bakwai Nayeli ce, shekararta takwas.
Uwarta tana kira duk Litinin
daga gidan tsofaffin da take wa aiki,
murya ƙasa-ƙasa kada shugaba ya ji.
Yarinyar na da makulli a wuya, a shuɗin zare.
Ta buɗe gida, ta kunna talabijin
don a zaci da mutane.
Nakan ce, tukuna.
Kalmar ta fara yi min ɗaci a baki.

Jiya Pakou ta shigo.
Na san ta tun tana da giɓi,
ita ce ta taɓa cusa wake a hanci
muka kwashe ta sai asibiti.
Yanzu sha tara, jakar kwaleji a kafaɗa.
Ta ce, an ce kuna neman hannu.
Na ce, kuɗin ba yawa.
Ta ce, na sani, ai na ga motarki.

Na fito mata da littafin horo,
awa arba'in kafin a bar ta da yara ita kaɗai:
yadda ake ceton wanda ya shaƙe,
yadda ake durƙusawa har ido ya sami ido,
yadda ake jin abin da yaro bai faɗa ba.
Na ƙarshen ba ya cikin littafin.
A wurin Terrence ta gani.

Na sani a gonar aro nake shuka.
Wataƙila bazara ta yi, rumbun ya kira ta,
ko wata makaranta mai fansho,
in sake sa hannu, in sake rufe ƙofar mota.
Duk da haka na lalubo makullin ɗakin zane,
muka sauke kujeru ɗaya bayan ɗaya.
Fenti duk ya bushe a gwangwani,
ja ne kawai ya yi rai.

Na ɗauko takardar, na ƙirga,
na ja layi ƙarƙashin na goma sha biyar.
Na daɗe ina kallon wayar.
Litinin saura kwana huɗu.