Kalanda Biyu

A shagona na Dilimi, bayan masu gyaran rediyo,
kwana uku injin bai huce ba.
Kalanda biyu na buga, fuska biyu,
ƙasan kowace na bar fili
inda kalmar "Shugaba" za ta zauna.
Ni mai ɗab'i ne, ba na caca:
wanda ya ci, tasa zan kai kasuwa,
ta ɗayan ta tafi wurin mai ƙosai ta sha mai.

Daren Talata muka kewaye rediyo,
sanyin Jos na rarrafowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Choji, yaron shagona, da biro a bayan kwali
yana jera jihohi kamar buhunan dankali.
Mai tabarau ya tara ƙuri'a tuli guda,
sai dai tulin gefe ɗaya ya karkata.
Doka ta ce kashi ɗaya cikin huɗu
a jiha ashirin da huɗu.
Choji ya ƙirga: ashirin da uku.
Ya lashi yatsa ya sake. Ashirin da uku.
Mai jar hula kuwa ya yaɗu ko'ina,
man shanu kaɗan a tuwon gayya,
ko'ina ƙamshi, ba wanda ya lasa.

Sai muryar ta ce, a hankali, kamar mai ta'aziyya:
zaɓe bai kammala ba.

Ba guɗa. Ba kuka.
Ɗanjuma mai shayi ya tsaya da buta a sama,
ya ce, "To wa zan zaga gobe?"

Tawadar da aka ɗiga min a farce ta fara koɗewa
alhali abin da na dangwala bai haihu ba.
Asabe ta yi awa shida a layi da goyo,
yanzu wa zai ce mata ta sake ɗaura zani?
Mai takarda a Taminus yana bin bashinsa,
shi ba ruwansa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Na jingina su a bango, fuska da fuska,
suna ta yi wa juna murmushi.
Kalanda kuwa tumatirin Farin Gada ce,
kowace safiya da abin da ke ruɓewa.

Da asuba Choji ya ɗauko almakashi.
"Maigida, mu yanke kawunan,
mu sayar da kwanakin.
Su ai ba sa jiran sanarwa."