Ɓular Katangar Yelwa

Shekara huɗu ina Yelwa,
hanya uku kacal na sani:
ta aji, ta ɗaki, ta masallaci.
Ranar da na ajiye biro
na fito, kaina kamar rijiyar da aka yashe,
sai ga akuya mai yagaggen kunne
tana cin sanarwa a jikin allo.
Na ce, ke kin fi ni sanin gidan nan,
wuce gaba, ni ne mai biyowa.

Ta bi bayan ɗakin gwaje-gwaje
inda kwalabe masu warin asibiti
suka yi jugum kamar 'yan zaman makoki.
Can tsohuwar bas ta makaranta ta durƙusa,
ba taya, ba gilashi.
Kaza ta yi ƙwai bakwai a kujerar gaba,
kabewa ta naɗe sitiyari,
ita ce direba yanzu, ba ta gaggawa.

Akwai ɓula a katanga, daidai ƙugun mutum.
"Sau tara ana toshe ta,"
in ji Baba Maikano mai ban ruwan fulawa,
"sau tara tana wayar gari a buɗe.
Ƙafa ta riga siminti zuwa nan.
Hanyar rafi ce,
ita hanya ba ta karanta sanarwa."

Ya nuna da haɓa:
"Inda kuke rubuta jarrabawa,
nan ubana yake shanya gyaɗa.
Inda shugabanku ke ajiye mota,
nan aka binne cibiyata."
Ya yi dariya, haƙori biyu ja da goro,
ya ja tiyonsa ya barni,
ruwa na binsa yana tsiyayowa.

Na sunkuya na fita, rigata ta kama ƙusa.
Ashe akwai fā a baya,
mai zafi kamar bayan tanda,
an rubuta da fenti: Bitrus da Lantana.
Ruwan sama ya cinye rabin Lantana,
Bitrus na nan daram, shi kaɗai.
Daga sama na hango rufin ɗakin karatu,
wanda ya hana ni barci shekara huɗu,
bai fi akwatin ashana ba.
Duwatsun hanyar Dass suna can zaune,
ba wanda ya taɓa tambayarsu sakamako,
ba kuma su taɓa faɗuwa.

Ƙamshi ne ya sauko da ni.
Ƙarƙashin tsamiya, wajen Sabon Kaura,
Inna Asabe na juya masa da tsinke,
hayaƙi na sa ta ƙifta ido ɗaya.
Na ce ta ɗari biyu, a sa yaji.
Ta yagi takarda daga buhu ta naɗe min.
Shafi na arba'in da ɗaya.
Kundin wani ne, an buga da tafireta,
jan biron malami a gefe: Sake dubawa.

Mai ya ratsa takardar
har ina ganin yatsuna ta cikin jimlolinsa.
Na ce, Inna, ina kike samun waɗannan?
Ta ce, "Duk ƙarshen zango
masinja yana kawowa."

Nawa kundin na can ofis tun Litinin,
kwafi huɗu, shuɗin bango, harafin ruwan zinare,
kuɗin tunkiyar da aka sayar a gida.
Na tauna masar a hankali.
Wallahi ta yi daɗi.

Na ce, Inna, in nawa ya iso,
akwai shafi can farko-farko,
layi biyu ne, da sunan Hajjo a ciki,
uwata ce.
Ki ware shi, sauran ki naɗe.
Ta ce, "Ɗana, ni ban iya boko ba,
amma mai layi biyu ba na naɗi da shi,
fari ne, jikata nake ba wa
tana koyon rubutu da gawayi."

Akuyar ta iso ta tsaya a gabana.
Na miƙa mata shafi na arba'in da ɗaya.
Ta karɓa da ladabi,
ta fara daga jan biron,
tana lumshe ido, tana taunawa.