Ɗaya, Uku, Huɗu, Biyu

Asabar ce, bayan la'asar.
Riɗi buhu tara na zaure yana jiran Gujungu,
akori-kura kuwa a gindin darbejiya
kwana uku tana tari kamar tsohuwar akuya.

Shekara shida ke nan Baba bai ga rana ba,
tun da yana ta rufe masa ido biyu,
amma daga kan buzunsa ya ce,
"Hambali, kashe ta. Da ƙafa uku take tafiya.
Kar ka taɓa kafireta, ba ruwanta.
Ina fulogan da na sa ka sayo a Ringim?"

Na ce bari in kira Ɗanliti bakanike.
Ya ce, "Ɗanlitin da na koya wa riƙon sifana
yana jan majina?
Ɗauko gwangwanin nan na ƙarƙashin gado."

Gwangwanin madara ne, duk tsatsa.
Ciki akwai sifanar fulogi,
hannunta ya suɗe don riƙo,
da tsumma mai warin Kano zuwa Haɗejiya.

"Bari inji ya huce tukuna.
Ƙarfe in ya ɗau zafi ba ya sakin abin da ya riƙe."
Muka jira.
Tabawa ta dama masa fura, ya sha rabi.

Na ɗaga bonet, na tokare da ƙotar fartanya.
"Waya ɗaya, fulogi ɗaya. Ka ji?"
Na ce na ji.
Na riga na fizge huɗun gaba ɗaya,
suna reto kamar hanjin kaza.
Na yi shiru.

Na farko ya fito da kuka.
Na miƙa masa. Ya murza da babban yatsa, ya sunsuna.
"Wannan gajiya ce kawai."
Na biyu ma haka.
Na uku ya fito jiƙe, baƙi ƙirin, yana warin fetur.
Baba ya yi murmushi.
"Ga malalacin. Ya bar 'yan'uwa da dako."

Sababbin kuwa sai da kowanne ya bi ta hannunsa,
ya sa farce a ɗan bakin,
ya auna abin da ni mai ido ban gani ba.

"Da yatsa ake farawa.
In ya cije, koma baya, kar ka yi masa dole.
Sifana sai ƙarshe,
kuma musafaha ce, ba kokawa ba."

Na ɗaure huɗu. Na mayar da wayoyi
yadda zuciyata ta raya mini.
Na murza makulli.

Tas!
Zabi suka haye katanga,
jakin maƙwabta ya tsinke igiya,
Tabawa ta durƙushe tana dariya har da hawaye.

Baba bai yi dariya ba.
Ya laluba bango, ya miƙe.
Na kama hannunsa, ya ƙwace.
Taku goma sha ɗaya, ya san su.
Ya zura hannu cikin inji
yana bin waya kamar mai jan carbi,
leɓensa na motsi:
ɗaya, uku, huɗu, biyu.
Ya cire biyu, ya musanya.
Bai ce mini komai ba.
Da ma zagina ya yi.

Na sake murzawa.
Ta ɗauka,
ta zauna daram,
murya ɗaya, ba gargada.

Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen
ya bar shi nan.
Liman ya kira magariba, bai ɗauke ba.

"Gobe ka sa ni a gaba.
Ba abin da zan saya.
So nake in ji ta da kaya."

Ya share hannu a ƙirjin farar rigarsa,
ta sallar bara, wadda Inna ke ɓoyewa a adaka.
Yatsu biyar, baƙaƙe, suka zauna raɗau.
Tabawa ta buɗe baki.
Na girgiza mata kai.