Aku Ta Yi Shiru

Aku muke kiranta,
don abin da ka faɗa mata shi take maimaitawa,
ba ƙari, ba ragi.
Akwatin ƙarfe ce mai ruwan toka,
a ɗakin kwano, kan tudu bayan Yelwa,
eriyarta ta ɗara giginya tsawo.
In Namakka ya yi sallama daga Warra,
ita ke goya muryarsa, ta haye ruwa da ita,
ta sauke a kunnen mai jira a Shanga.

Daren Laraba tsawa ta faɗo.
Da safe na kwance cikinta:
ƙauri, fiyus ya narke,
tiransisto ɗaya ya koma ƙanzon tukunya.
Na karanta lambar bayansa da tabaran Baba Gado,
shi ya kafa ta tun ina goye,
ya tafi ya bar min littafin zanenta,
ɓera ya ci shafi uku.

Na kwafe lambar a tafin hannu.

Yaron shago a kasuwa ya duba, ya kyalkyale:
"Baba, mu waya muke gyara."
A Jega suka ce Birnin Kebbi.
A Birni suka ce Ɗanjimma.
Ɗanjimma idonsa ya rufe shekara biyu.
Ya juya abin a yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa:
"Wanga? Masu ƙira tai sun watse
tun kahin a haihi ɗiyata.
Kulu, ɗauko mishi mita."

Tana danne bakin buhun gero aka ɗauko ta,
gilashi a tsage, gizo-gizo a hannun ɗauka.
Na haɗa bakin wayoyin biyu,
allura ta yi miƙa
kamar tsohon da aka tayar sallar asuba.
Na zaro kuɗi, ya ture.
Ya ce in ta tashi, in faɗi sunansa a iska.

Bayan tasha 'yan jari-bola na ƙona faranti
don jan ƙarfen da ke ciki.
Can na hango rediyon wani tsohon jirgin ruwa,
guduma ta riga ta tashi a kanta.
Na riƙe hannun yaron.
Ya ce kilo yake sayarwa, ba labari ba.
Na biya kuɗin ƙarfe.
A cikinta na same shi,
harafi ɗaya ya raba lambarsu,
ɗan'uwa ne, ba shaƙiƙi ba.
In babu rijiya ai da kududdufi ake alwala.

Na'urar auna zango kuwa,
wadda na sani a ƙasar nan kaf
magada sun sayar, ta bi motar kudu.
Sai na koma dabarar Baba:
kwan fitila a madadin eriya,
in ya yi ja, akwai rai.

Dalma ta narke, hayaƙinta ya shiga ido.
Hannuna na rawa, ba don tsoro ba, shekaru ne.
Na juya ƙaramin dunƙulen da tsinken kara,
kaɗan, kaɗan,
allura na kallona, ina kallonta.
Kwan ya yi ja,
jan garwashin da aka manta cikin toka.

Na mayar da eriya, na danna, na yi sallama.
Shiru.
Kwaɗin fadama kawai ke amsawa.
Na sake.

Sai ga Namakka, murya a shaƙe:
"Ina jin ka, amma kamar daga cikin rijiya."
Na ce rijiyar ma mun gode.

Na kira sunan Ɗanjimma sau uku, na cika alkawari,
ko da yake ba shi da abin ji.

Zan rufe murfi ke nan idona ya faɗa hagu:
kafasita ɗaya ta fara kumburin ciki.
Na lashi bakin biro.
Tsohuwar lamba ba ta gama gogewa ba,
na buɗe ɗaya tafin.