Wasan Baƙaƙe

Kwana uku ke nan da tiransifoma ta ƙone a Rafukka.
Wayoyi sun mutu a jere bakin taga,
baƙi ƙirin, ba mai ko tari.
Murja ce ta ɗauko kwalin ganyen shayi
da almakashin Kaka, wanda ba a taɓawa,
ta yanka shi gida arba'in,
ta bi kowane da jan biro:
slm, lfy, ykk, ngd,
gsky, wlh, hkr, kwn2.

Dokar ba ta da tsawo.
A kife, a cakuɗa, a raba biyar-biyar.
Wanda aka jefa wa kati ya tufatar da shi,
ya sa masa wasali kafin a tafa sau uku.
In ka yi in-ina, ɗauki biyu.

Lauwali ya jefo mini sbd.
Saboda, na ce, tun hannunsa bai koma ba.
Na rama da mgn.
Ya ce magana, Murja ta ce magani,
gardama ta tashi har akuya ta bar tuƙa
ta juyo tana kallonmu.
Sai muka ƙara doka a tsakiyar wasa,
yadda ake ƙara ruwa a miya in baƙi sun iso:
wanda ya fi fitar da kalmomi daga kati ɗaya
shi ya ci.

Kaka Tasi'u na bakin kekensa, zare a leɓe.
"Mi kuke wa ihu haka?"
Bokonsa na ajin yaƙi da jahilci ne,
amma ya karɓi katin, ya nesanta shi da ido,
ya yi 'yar dariya ta hanci.
"Wannan ne sabon abun?
Shekara hamsin ina rubuta awon mutane da ajami,
ban taɓa ɓata tawada a kan wasali ba.
Ku matsa."

Muka matsa.
Aka ba shi tsh:
tasha, tashi, tushe, toshi.
Aka ba shi krt:
karatu, kurtu, da kartar da ke hannunku.
Katunan suka taru gaban gwiwarsa.
Lauwali ya rantse akwai maguɗi,
Murja ta kwanta a tabarma, dariya ta hana ta numfashi.

Saura kati ɗaya a kife.
Ni na buɗe shi.
gd.

Gado, in ji Lauwali. Gada. Gadi.
Guda, in ji Murja, da guɗar biki,
tunda waya ba ta san lanƙwasa ba.
Gudu.
Kaka bai ce komai ba.
Muka tafa sau uku, muka ƙara masa na huɗu.

Sai na tuna.
Saƙon Nafi'u na ƙarshe daga Agadas,
wata bakwai ke nan,
ni na karanta masa shi a wannan tabarmar:
ina hny gd.
Tun ranar yake karanta baƙaƙe biyun nan,
da asuba su zama gida,
da dare su zama wani abu.

Ya ɗaga hularsa, ya sa katin ciki,
ya mayar da ita.
"Na faɗi," ya ce. "Ku raba nawa."

Ana kiran magariba ƙwan zaure ya kama.
Unguwa ta ɗauki sowa,
su Lauwali suka ruga neman caja,
katuna suka watse a ƙasa, akuya ta cinye wlh.

Na tashi zan bi su, ya riƙe mini gefen zane.
"Zinatu, in taki ta farfaɗo,
ki sake rubuta mashi.
Ki ce ya zo gida.
Ki sa wasullan duka,
kada ki bar ko guda."