Kufai a Cikin Gilashi

A Ikoyi aka rushe gidan wani tsohon lauya,
ni da Sallau Kurma muka je tsintar rodi.
Ƙarƙashin ƙyauren banɗaki na tsince shi,
gilashin ya tsage, takardar ko ɗigon ruwa.

Baƙi da fari ne kawai.
Ginshiƙai uku a tsaye, na huɗu ya gaji ya kwanta,
ciyawa ta tsiro wa bango kamar gemun tsoho,
ga mutum da sanda, ga awaki biyar,
ɗaya ta taka wuyan wani sarkin dutse
tana miƙa baki ga ganye.

Mai haɗa firam a Obalende ya ce Rum ce.
Wai wani Bature ya taso tun daga Holan
don ya zauna gaban abin da ya riga ya faɗi.
Ya karce shi da allura a farantin tagulla,
ya bar ruwan batir ya ci layukan.

Tagulla!
Ko da safen nan na faɗi kuɗin kilonta.
Da farantin ne ya faɗo hannuna
da tuni Rum ta hau sikeli a Owode.

Na rataye shi a shago, saman buhunan gwangwani.
Jiya da magariba Sallau ya daɗe a gabansa.
Ya nuna makiyayin, ya dafa ƙirjinsa,
ya juya ya nuna gadar sama,
motoci sun cushe a kanta har Ketu,
sannan ya ɗaga yatsu biyar
yana dariya babu sauti.